Mai Naɗaɗɗiyar Fuska a Ƙofar Ɗakina

Jama'a, ku ji wanda ya yi mini sallama yau da hantsi!

Kun san tun da murar nan ta shigo Kumasi, duba-gari ya kafa wa masu shaguna doka: kowane ma'aikaci ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, mai zazzaɓi kuma ya zauna gida kwana bakwai. To, shekaranjiya ina cikin ɗaure huhun goro tari ya sarƙe ni. Maigidanmu Baba Salifu, mutumin da ban taɓa ganin murmushinsa ba, ya daka tsawa: "Isaka, wuce gida! Kar in ga ƙafarka a nan!"

Na dawo Zango na kwanta, na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Ga shi ba ni da kowa, iyalina suna Bawku.

Yau na leƙo sai ga wani dattijo, fuska a naɗe, ya ajiye kwano a bakin ƙofa ya ja baya. Koko mai zafi da ƙosai!

Na ce, "Baba, wa ya aiko ku?"

Ya ce, "Wa ya isa ya aike ni?"

Muryar Baba Salifu! Wallahi da ƙafa ya tako tun daga unguwar Adum.

Na ce, "Ai na ɗauka kun kore ni."

Ya ce, "Ina yaro aka yi irin wannan mura. Yayana ya ci gaba da dako har ya faɗi a kasuwa, don ba wanda ya ce masa ya kwanta. Wurinka na jiranka."

Har ya juya sai ya waiwayo: "Gobe tuwo kake so, ko wake da shinkafa?"