Tukunyar Ƙamshin Yaya Mas'uda

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 26 ga Maris, 2025, a goman ƙarshe na azumi, Allah Ya karɓi ran yayata, Mas'uda, matar Malam Yahuza mai sayar da kayan gini a Kasuwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangui. Ina rumfata ina yanka wa wata mata atamfa, 'yarta Hauwa'u ta kira ni tana kuka. Kafin in isa gidanta a unguwar Yakité an riga an rufa mata zane.

Yaya, an ce in rubuta alherinki, kuma zan rubuta. Amma ki yi haƙuri, har yanzu ina jin haushinki, kuma ban iya ɓoye miki komai ba tun muna yara.

Da ciwon asma kika tashi. Kowace Sallah, idan Inna ta zuba turaren wuta a kasko, ke ce kike fita ƙofar gida da sabon ɗinkinki ki zauna kina tari, har sai hayaƙin ya lafa. Da kika yi aure sai dangin miji suka fara ƙus-ƙus, wai wace irin mace ce ɗakinta babu ƙamshi ranar Idi. Sai kika ɗauki ƙaramar tukunya kika cika ta da ruwa, kika zuba busasshen ɓawon lemo, da kanumfari, da kirfa, da ɗanyar citta, da ganyen sitironel, ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da kika shuka a bayan ɗaki. Kika ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ba murfi. Tururi ya bi ɗakuna, ya kama labule, ya fita har layi, ba tare da hayaƙin da zai shaƙe ki ba. Waɗanda suka yi gulmar su ne suka fara aiko da kwanoni a ɗibar musu haɗin.

Tun daga shekarar, da an shiga azumi sai ki bi masu sayar da lemo kina roƙon ɓawo, ki shanya a kan kwanon rufi. Duk gidan da akwai mai ciwon ƙirji ko jariri, sai ƙullinki ya isa kafin Sallah. Ba ki taɓa sayarwa ba. Na ce miki ki ƙulla a leda mu ajiye a rumfata, kika dube ni kamar na zage ki.

Ban manta shekarar da rikici ya raba unguwannin Musulmi da na Kirista ba, lokacin da mutum ba ya tsallakawa unguwar Miskine sai da faɗuwar gaba. Ana gab da Kirsimeti kika ɗaure ƙulli a bakin zani, kika ce za ki kai wa Madam Pelaji, tsohuwar maƙwabciyarmu Kirista, domin mijinta ma ba ya jure hayaƙi. Malam Yahuza ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba inda za ki. Kika ce, "Malam, ta saba. In ban kai ba za ta ɗauka na mutu, ko kuma na daina sonta." Kika tafi, muka zauna da zullumi har kika dawo. Daga baya Pelaji ta faɗa mini cewa da ta buɗe ƙofa ta gan ki, ba abin da ta iya cewa sai "singila, singila," wato godiya da yaren Sango, tana riƙe da hannunki tana kuka.

To, ga inda haushina yake. Likita ya hana ki hura gawayi. Na saya miki risho don wannan tukunyar, na kawo da kaina. Ashe kin ba wata bazawara da ke dafa wa marayunta abinci da itace, kika koma kan murhun gawayi kina fifita, ba ki faɗa wa kowa ba. A makon ƙarshe ƙirjinki yana kuka har ana ji daga tsakar gida. Hauwa'u ta roƙe ki ku je asibiti, kika ce sai bayan Sallah, wai ɓawon bai gama bushewa ba kuma akwai gidajen da ke jira. Maganin shaƙarki ya ƙare, kika ci gaba da ajiye kwalbar a ƙarƙashin filo don kada a gane. Yaya, wane gida ne zai ƙi yafe miki ƙulli ɗaya? Kin san ciwon kowa a layin nan, kika hana mu sanin naki. Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Duk da haka zuciyata ta ƙi daina tambaya.

A zaman makoki kuma aka ƙara mini wani. Na shiga ɗakinki na tarar an kunna turaren wuta, hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin gadonki sosai. Na ɗauki kaskon na fitar da shi waje. Wata dattijuwa daga dangin Malam ta ce, "Sa'adatu, ai yanzu ba zai dame ta ba." Shekaru suna shan ƙamshin tukunyarki, amma ba su fahimci dalilinta ba.

Da safiyar Sallah Hauwa'u ta sauko da ɓawon da kika shanya, ta ce, "Inna Sa'a, a yi wa Baba kafin ya dawo daga Idi." Sai ga Pelaji ta iso da barka da Sallah da ta'aziyya a haɗe. Mu uku muka tsaya a kan tukunyar. Sau nawa na tambaye ki awo, kina cewa hanci ne ke aunawa? Ni na ce kanumfari ake fara zubawa. Hauwa'u ta ce a'a, a ƙarshe kike sa shi. Pelaji ta rantse cewa sai an kankare farin da ke cikin ɓawon, in ba haka ba zai yi ɗaci. Muka yi ta gardama kamar a kasuwa. Na farko ya fito da warin magani, muka zubar. Na biyu muka sha'afa da kuka, ruwan ya ƙone, gindin tukunyar ya yi baƙi. Sai muka ɗora na uku.

Malam Yahuza ya shigo da dardumarsa a kafaɗa. Ya tsaya a tsakar gida ya ja numfashi, ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ba shi ba ne." Na miƙa hannu zan sauke, sai ya ce, "A'a. Ku bar shi a wuta." Ya shiga ɗakinki ya zauna, ya bar ƙofar a buɗe.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Mas'uda, Ka gafarta mata, Ka karɓi azumin da ta rasu a cikinsa. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Yahuza, da Hauwa'u da ƙannenta, da dangi na nan Bangui da na nesa, da Madam Pelaji, da dukkan gidajen da suka jira ƙulli bana bai zo ba. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ce na fi kowa buƙatarsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.