Hannun Ladan Arzika da Yumɓun Dodo Magini

Matso kusa ka samu wuri, yau labarin Dodo maginin Duza zan ba ka.

Daminar 2012 ce ta kayar da tsohon masallacin garin, har da zayyanar da kakan Dodo ya yi da laka a bangon alƙibla tun zamanin da ba mai tunawa. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Dattawa suka ce in an sake gini a shafe bangon da siminti a huta. Dodo ya roƙi a ba shi rani guda, in ya kasa mayar da ita su shafe.

A al'ada da ƙasar da ta zube ake sake gini, amma an daɗe ana niƙa dutsen zinari a gefen masallacin, gubar dalma ta shiga ƙasar. Sai da Dodo ya yi ta jigilar yumɓu da jaki daga bakin gulbi.

Bango ya tashi, sai Dodo ya bi masallata yana tambaya yadda zanen yake. Wannan ya ce zobe, wancan ya ce tauraro. Liman ya yi dariya: "Dodo, mu da ke sallah ido na ƙasa, mi muka gani?"

Ashe mai sani yana nan, Ladan Arzika, makaho. Shekara da shekaru da bangon nan yake lalubo gabas.

"Kai Dodo, kowa ka tambaya ban da ni. Don ba ni gani?"

"Baba, kunya na ji."

"Aje kunya, kwaɓo laka."

Dodo ya riƙa murɗa yumɓu a bango, Arzika na bi da yatsu. "Wanga ƙulli ya yi ƙiba, kakanka ba ya da hannun tuwo!" Dodo, mai furfura da jikoki, sai ya kankare ba musu ya sake. Haka suka yi ta yi har hadari ya fara haɗowa.

Ranar da aka yi wa bangon shafen ƙarshe da makuba, Arzika ya shigo shi kaɗai, ya miƙa hannu, yatsunsa suka faɗa cikin ƙullin. Nan take ya daidaita tsayuwa ya ta da kabbara. Daga nan ba a ƙara zancen siminti ba.

To kai fa, bangon da kake fuskanta kullum, za ka iya zana shi?