Kada Ya Taka Birkin

'Yata ta fari tana aikin haɗa magani a wani asibiti a nan garin Greensboro. Da ta fara aiki sai ta sayi wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, ta shiga cikin masu zuwa filin tseren motoci can wajen iyakar Virginia. Ba tsere suke da juna ba, in ji ta, gudu kowa yake koya da malami a gefensa. Mahaifiyarta ba ta taɓa gamsuwa da wannan bayani ba. Ni kuwa na ga ko na hana za ta je, sai na zaɓi in riƙa sa hannu a motar da kaina.

Wata Juma'a, ana gobe za ta fili, muka shirya canja man birki bayan an sauko daga masallaci. Ta ce a fili birki yana ɗaukar zafi har man ya tafasa, in ya tafasa kuwa ƙafa za ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Don haka ta sayo man birki lamba huɗu mai jure zafi, ta ajiye a ɗakinta a sama.

Alhaji ya ji zancen a masallaci, ya biyo mu. Mutumin Maraɗi ne kamar ni, yana sayar da tsofaffin motoci a titin Gate City Boulevard. A gidansa na sauka lokacin da na zo ƙasar nan, kuma a hannunsa yarinyar ta sayi motar. Ya zo da wata kwalba a leda, ban tambaye shi ko mene ne ba.

Yarinyar ta hau sama ɗauko man, ni ina durƙushe a baya ina kwance taya. Da na miƙe sai na ga murfin inji a buɗe, kwalbar Alhaji a kan batir, shi kuma ya buɗe ƙofar direba ya zura ƙafa.

"Na ƙara muku man birki," in ji shi. "Lamba biyar ne, ya fi wanda take saye. Bari in ɗan taka ya sauka."

Tana tsakiyar matakala ta hango kwalbar. Ba ta yi masa magana ba, ni ta kalla.

"Baba, kada ya taka."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin ta da irin wannan muryar ba. Kafin in yi tunani na kai hannu na riƙe gwiwar Alhaji. Tun da na san shi ban taɓa tare shi daga wani abu ba. Ya kalli hannuna, ya kalle ni.

Ta sauko ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta fara bayani da Hausarta mai tsalle zuwa Turanci. Ta ce lamba biyar ba yayan lamba huɗu ba ne, wani irin mai ne daban, ba sa haɗuwa. In ya shiga cikin bututun birki yana iya yin kumfa, birkin ya yi taushi a daidai lokacin da ake bukatarsa.

"Shekara da shekaru ina zuba shi a motocina," in ji Alhaji.

"Haka ne, Baba Alhaji. Waɗancan shi kaɗai ne a cikinsu, kuma ba sa irin gudun nan."

Muka leƙa ɗan tankin roba na man birkin. Man Alhaji mai launin shunayya yana kwance a sama, tsohon mai ruwan zuma yana ƙasa. Saura tambaya ɗaya, kuma na san ba za ta iya yi masa ba.

"Alhaji, ka taka?"

"Ban taka ba." Sannan ya ce, "Wataƙila ƙafata ta ɗan taɓa."

Ta ɗauko babban sirinji ta zuƙe man a hankali, muka cire tankin ta wanke shi ta busar. Ta ce sai mun wanke bututun gaba ɗaya, kuma man da ta saya ba zai isa ba. Alhaji ya shiga motarsa ya ja. Na ɗauka fushi ya yi ya tafi. Can sai ga shi daga wani kanti a titin Wendover da kwalaben mai, ya miƙa mata ta karanta lambar da kanta.

Ni ke takawa, ita tana kwance noti tana ɗaurewa, Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa yana riƙe da tiyo a cikin gora, yana duban abin da ke fitowa. A tayar gaba ta hagu ya ce, "Dakata." Muka haɗa kai a kan gorar. Wani ɗan zare ne mai duhu, ba mu iya cewa shunayya ba ne ko dattin tsohon mai. Muka ci gaba da turawa har ya fito fari tas. Dab da magariba muka gama.

Washegari a filin tseren na tsaya a bakin shinge, inda miƙaƙƙiyar hanya take ƙarewa da kwana mai kaifi. Duk lokacin da jar motar ta taho sai in zuba mata ido har in ga jajayen fitilunta sun kunnu, hancinta ya duƙa, ta karya kwanar. Ba ta jima ba sai na ga ta rage gudu ta fito daga fili, sauran motoci suna ta tafiya. Na ruga wurinta.

Ta ɗaga gilashin hular kwanonta, fuskarta duk zufa. "Lafiya lau, Baba. Birkin da ƙarfi yake. So nake ka duba mini ko akwai inda yake yoyo."

Na kwanta a kan kwalta na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, zafinsu yana dukan fuskata. Ko ɗigo babu. Na buga mata rufin motar, ta koma.

Ina komawa bakin shinge waya ta yi ƙara, mahaifiyarta ce. Na toshe kunne ɗaya da yatsa na ce mata muna lafiya, ta dafa abincin dare da mu.