Ranar da Turamenmu Sunka Yi Waƙa a Yamai

Shekarun baya, lokacin da hannuna ke iya jefa taɓarya sama in tafa in cafe ta, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ni ban yi lakwal ba, ban yi boko ba, 'ya'yana. Faɗi nake ana rubutawa, don haka ku saurara kamar kuna zaune gabana bisa tabarma.

Mu nan ƙasar Kurfai, mace ba ta koyon waƙa a zaune. A bakin turmi take koyonta. Mata biyu ko uku su kewaye turmi guda, wannan ta saki taɓarya, wannan ta ɗaga, ba mai karo da wata. Shi ne lugude. Guda na ba da waƙa, saura na amshi, taɓarya na riƙe da kowa. A unguwarmu ta Filinge ni ce mai ba da waƙar.

Wata kaka, ɗiyar maƙwabtanmu da ke aiki a Yamai ta zo bikin ƙanenta, ta iske mu muna luguden biki. Ta tsaya ta riƙe tarho sama har munka ƙare. Bayan an kai hatsi rumbu sai ga ta ta dawo, ta durƙusa gabana.

“Inna, za a yi babban taron mawaƙa a Yamai. Ba mawaƙi guda da makaɗinai ba, ƙungiya-ƙungiya ne, koral ake ce musu. Daga ko'ina cikin duniya za su zo. Na nuna musu ku, sun ce lalle ku zo.”

Na ce, “Ɗiyata, duniya ta rasa abin ji ne, sai dakan tsofaffi?”

Aminiyata na gefe. 'Yar Bonkuku ce, aure ya kawo ta Filinge, tun muna amare muke turmi guda da ita. Ta ce, “Ke tsohuwa, in ba ki zuwa ki ara mini zanenki na biki. Ni dai ina zuwa, ko bisa jaki.”

Ranar tahiya unguwa duka ta raka mu gar, tashar mota, da guɗa. Mu goma sha wani abu ne. Anka ɗaure turamenmu bisa kar, babbar motar fasinja, da taɓare, da buhun hatsi. Tsofaffin da sunka girme ni, waɗanda a bakinsu na koyi waƙoƙin, sunka riƙe hannuna. Babbarsu ta ce, “Mu ba mu iya tahiya. Kada ki dawo mana da waƙarmu a baki.” Na ce in sha Allahu. Tun daga Filinge har Balleyara ba mu yi shiru ba, sai da direba ya roƙe mu mu rage wa Yamai wani abu.

Ɗakin taron kuwa, ban taɓa shiga irinsa ba. Sanyi kamar cikin randa, kujeru hawa-hawa kamar an jera faifai. Anka zaunar da mu mu ga waɗanda ke gwaji. Wasu Turawa sunka hau, maza da mata, sunka yi sahu kamar za su salla. Wata tsohuwa mai farin kai ta tsaya gabansu, ta juya wa mutane baya, ta hau kaɗa hannuwa.

Na raɗa wa aminiyata, “Wagga ba ta da ladabi. Ta ba jama'a baya, kuma tana korar sauro.”

Ban rufe baki ba sunka buɗe nasu. Wayyo, 'ya'yana! Ba ganga, ba goge, ba komai, amma murya ta rabu kashi-kashi, wata siririya can sama, wata a tsakiya, wata mai kauri tana tahiya a ƙasa, duk sun tuƙe wuri guda kamar igiyar guga. In tsohuwar ta ɗaga yatsa murya ta hau, in ta dunƙule hannu sai tsit. Ashe ba sauro take kora ba. Na ji kunyar bakina, na ja mayafi.

Bayansu wasu maza daga Kwango sunka hau, ƙattai, muryarsu na shiga ƙirjin mutum ta girgiza shi. Sannan wasu 'yan mata daga wata ƙasa can gabas da ban iya faɗin sunanta, sunka yi tasu kamar tsuntsayen fadama. Murna ta hana ni zama daidai. Na ce a raina, gobe mu ma za su ji namu.

Da layi ya zo kanmu munka hau da turame. Dandalin na katako ne, sumul, har mutum na ganin fuskarsa. Na zuba hatsi, na ce bismillah, na saki taɓarya.

Dum!

Ɗakin duka ya amsa kamar an buga tambari. Mikoro, abin ƙara murya, ya yi wata ƙara, Turawa sunka toshe kunne, wani katako ƙarƙashin ƙafata ya yi ƙas. Sai ga mai kula da ɗakin, wani dattijo Bazabarme, ya taho da gudu hannuwa sama.

“Kala suru, Inna! Ki yi haƙuri, tsaya!”

Mutumin kirki ne. Ya ɗaga labulen gefen dandalin ya nuna mini: ƙarƙashin rami ne, ba komai sai wayoyin wuta. Ya ce in munka yi lugude a nan, mu da turame duka za mu faɗa ciki. Gaskiyarsa. Ya yi tunani, sannan ya ce, “Ku kwashe hatsin. A cusa tsumma cikin turmi, ku riƙa ɗaga taɓarya kuna ajewa a hankali. Mutane za su gane daka ne.”

Matanmu duka sunka dube ni. Na ce, “Malam, wannan ba mu yi.”

Ɗiyar maƙwabtanmu ta ce, “Inna, na ɗan lokaci ne fa.”

Na ce mata, “Ke ba a haife ki ba shekarar babbar yunwa. Ni na gan ta. Mahaifiyata na sa taɓarya cikin turmin da ba ko ƙwaya, tana bugawa a hankali, don ƙannena su ji su yi zaton abinci na zuwa su bar kuka. Tun daga nan, a gidajenmu ba a taɓa turmi wofi da taɓarya. Ba ni yi a Filinge, ba ni yi a Yamai.”

Dattijon ya sunkuyar da kai. Shi ma ya san shekarar.

To, sai anka ce mu gwada kamar saura, mu yi sahu mu rera ba turmi. Munka jeru. Hannuwanmu sunka rasa wurin zama, wata ta naɗe su a ƙirji, wata ta kama haɓar zani. Na ba da waƙa, amshi ya zo a warwatse kamar awakin da anka buɗe wa garke. Na sake, numfashina ya ƙare tsakiyar baiti, abin da bai taɓa samuna ba. Ashe taɓarya ce ke gaya mini inda zan shaƙi iska. Aminiyata kuwa tana ta dakan iska da hannu, har ta gabje ta kusa da ita a haɓa.

Ta ce, “Ƙawa, wallahi ji nake kamar an tuɓe mini zani a kasuwa.”

Munka sauko. Ɗiyar ta zo idonta jajir, ta ce in ba a samu dabara ba, za a cire mu daga masu yin gobe. Na tuna hannun babbar tsofaffinmu a cikin nawa a gar. Da wane ido zan shiga unguwa?

Na tambaya wa ke da taron. Sai anka nuna mini tsohuwar mai farin kai, wadda na ce ba ta da ladabi. Na gyara kallabi, na ja ɗiyar don ta juya mini magana.

Na ce, “Gaya mata, ni da ita duk tsofaffi ne, ba mu da lokacin kewaye-kewaye. Waƙarmu ƙasa take so. Ta ba mu ƙasa.”

Ta saurara da kyau, ta ce bayan ɗakin akwai fili mai rairayi. Amma duk lokacin cikin ɗaki an raba shi, sai dai tsakar rana, sa'ad da ake tashi cin abinci. Ta ce ba ta yi mini alkawarin ko mutum guda zai baro sanyi da abinci ya zo rana ba.

Na ce, “Mun karɓa.”

Washegari tun da safe munka surfe hatsi, munka bakace, munka wanke, munka bar shi ya tsane. Rana ta take tsaka, munka kafa turame ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa cikin zanen biki. Munka duba fili. Direbobi biyu na barci gindin mota, sai mai shayi yana fifita gawayi. Su ke nan.

Aminiyata ta tofa wa hannunta yawu ta ce, “To, tsohuwa, hatsi dai ya jiƙa, ba ya jiran Turawa. Ko a ji ko kar a ji, sai an daka shi.”

Bismillah. Tawa ta sauka, tata ta bi, ta ukun ta shigo tsakani. Turmi na biyu ya kama, na uku ya kama. Ƙasa ta karɓa da wannan amo mai taushi da munka sani. Makogwarona ya buɗe da kansa. Na ba da waƙar da mata ke zolayar malalacin miji da ita, matanmu sunka amsa baki guda:

“Raggo na barci, cikinai na aiki!”

Mai lugude ba ta kallon mutane, turmi take kallo, in ba haka ba ta fasa wa 'yar'uwarta kai. Don haka ban ga komai ba. Na jefa taɓarya sama, na tafa, na cafe. Ina cikin haka na ji wani abu ya shigo ƙarƙashin muryata, mai kauri, mai ɗumi, kamar an shimfiɗa mini ƙasa ta biyu. Na saci kallo. Ƙattan Kwango ne, faranti a hannu, shinkafa na hucewa, suna bin amshinmu da gunji. Bayansu ƙofa a buɗe, mutane na kwararowa.

Ɗiyar maƙwabtanmu ta manta da takalmanta masu tsini, tana gudu cikin mutane tana sa musu kalmomin a baki. Kafin in kai baiti na gaba Turawa sun kama, 'yan matan gabas sun ɗora tasu siririyar a sama. Amshin da munka saba ji da bakin mata goma ya dawo mini da bakin fili guda, kashi-kashi, a tuƙe. Direbobi sunka tashi, mai shayi ya bar butarsa na zuba. Na ji ƙarfin budurci ya dawo mini a kafaɗa. Baitocin da na yi shekaru ban tuna ba sunka riƙa zuwa suna layi a bakina.

Anka kaɗa ƙararrawar komawa ɗaki. Ba wanda ya motsa. Tsohuwar mai farin kai ta matso, ta sa anka tambaye ni yaushe waƙar ke ƙarewa, don ita ba ta ga mai tsayar da mu ba. Na sa hannu cikin turmi, na murza tsakanin yatsu, na nuna mata tsaki.

“Da saura. In gari ya yi laushi, waƙa ta ƙare.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta tuɓe takalma ta miƙo hannu. Na ba ta taɓaryata. Bugu na farko ta samu turmi, na biyu ta samu taɓaryar aminiyata, ƙwal! Aminiyata ta ce, “Madam, ki koma ga sauronki!” Ɗiyar ta ƙi juya wannan.

Da gari ya yi, na ɗaga kai na dubi matanmu, munka saki bugu guda tare. Tsit. Sai guɗa ta tashi, Turawa na kwaikwayo, abin kamar kaji sun ga shaho. Munka zuba sukari da nono munka dama gumba, ƙwarya na yawo hannu zuwa hannu. Babban ƙaton Kwango, wanda ya yi amshi ido rufe hannu a ƙirji kamar mai addu'a, shi ya shanye ƙwarya guda. Ya share baki ya tambayi ma'anar abin da ya rera. Da anka gaya masa, ya dubi ƙwaryar, ya dubi cikinsa, ya zube cikin rairayi yana dariya, abokansa na nuna shi.

Ba mu sake hawa dandalin nan ba har munka baro Yamai, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba. Na je ina zaton mu ne za mu nuna musu abu, ban san ni ma zan ji waƙarmu yadda ban taɓa jin ta ba. Yanzu hannuna ya yi nauyi, taɓarya sai dai in kalle ta. Amma wani lokaci ina zaune ina gyaran wake, in ɗan ba da baiti a hankali don kaina, sai in yi shiru daidai wurin amshi. Jikokina na cewa tsufa ne ya sa nake mantuwa. Ban manta ba, 'ya'yana. Saurare nake.