Sahabi Madigad da Farar Rigata

Duk wanda ya san Sahabi Madigad ya san ba ya gaida mutum sai ya fara gaida tayarsa. Ka faka mota a bakin rumfarsa da ke Kaura, kan hanyar Shinkafi, ka fito kana miƙa masa hannu, sai ya wuce ka kamar bai gan ka ba. Ya zagaya bayan mota ya tsuguna, ya leƙa ƙarfen da ke rufe taya, ya ja robar madigad da ke lilo a bayanta, ya girgiza kai. Sai ya gama sannan ya miƙe ya ce, "An kwan lahiya? Motarka tsirara take." Ranar ɗaurin auren ƙanena haka ya yi wa motar surukai, ana jiransa a karɓi sadaki, shi kuwa yana ƙarƙashin bas da babbar riga!

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama. Kuma tunda ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗi gaskiyar: kishinsa nake yi. Shekara talatin da ɗoriya ina yi. Ni ne na yi boko har na zama malamin firamare a Sakajiki. Ni ne na haddace littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda ake haya a dawo da su bango ya yage. Ni ne samarin garinmu ke layi in rubuta musu wasiƙa. Amma ka shiga tasha ka ce Malam Nasiru, sai a ce wanne? Ka ce Madigad, har mai sayar da rake zai nuna maka hanya.

Abu ɗaya na roƙe shi a duniya. Kun san yadda direbobi ke rubuta magana a robar bayan mota, ta yi ta yawo ƙasa ƙasa ana karantawa. To nasa madigad ɗin baƙi ne wuluk, ko ɗigon fenti babu. Na ce ya bar ni in rubuta layi ɗaya tak a aikinsa, ko maganata ta ga Gusau, ta ga Legas. Kullum amsarsa guda ce: "Sarkin Takarda, madigad ba allo ba ne. Laka aka tarewa da shi, ba surutu ba."

Asalin abin kuwa Luba ce. Eh, Luba dai matarsa, uwar 'ya'yansa, wadda a yau nake durƙusawa in gaishe ta. Ni na fara ganinta. Wata ranar damina na sa farar shaddata, na fesa turare, na ja Sahabi ya raka ni zance. Gidansu a bakin titi yake, daidai inda ruwa ke kwanciya. Na fito da wasiƙa shafi huɗu ina karanta mata, na kai inda nake kwatanta idanunta da farin wata daren sha huɗu, sai ga wata babbar mota, roka, ta ɗauko buhunan gero. Faca! Ni da ita da wasiƙa, duk muka koma kalar gona.

Na tuna yadda jarumai ke yi a littafi. Na share fuska na ce, "Luba, ko laka in ta taɓa ki, ado take zama."

Ta dube ni ta ce, "Zanen Sallata ne."

Na waiga in nemi agajin Sahabi, babu shi. Ashe ya haye kekensa ya bi motar! Sai da ya cim mata a Kurya Madaro, inda ta tsaya sauke kaya. Kafin la'asar ya dawo da direban a gaba, mutumin ya ba Luba haƙuri, ya sayi sabulu, sannan Sahabi ya yanko tsohuwar taya ya ɗaura wa motar a baya, kyauta. Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Ni ne abokin ango, ni na riƙe masa sanda. Ku ji fa! Shafi huɗu, da hannuna, roba ta kayar da ni.

Tun daga ranar ya sami maganar da ya mutu da ita a baki: "Madigad ba don mota aka yin shi ba, don na bakin hanya aka yi." Kuma tun daga ranar ya ƙirƙiro gwajinsa. In ya gama aiki, ba ya sallamar mota sai an sami kududdufi, an tsayar da mutum da farar riga a gefensa, direba ya bi ta ciki a guje. In riga ta fita fes, a biya shi. In ta sami ɗigo, ya kwance aikin ya sake. Da rani ma sai ya sa a kwarara jarka biyu a rami.

To wa kuke tsammani ke tsayawa da farar riga?

Na ce, "Sahabi, kai ba ka da farar riga ne?"

Ya ce, "Ina da ita, ta Jumma'a ce. Kai ko ka saba."

Rowa kuwa, Allah ya gafarta masa! Bai taɓa sayen tef na awo ba. Wata igiya gare shi mai ƙulli-ƙulli, ta yi baƙi don tsufa. Wannan ƙullin na tirela ne, wancan na tanka, na can ƙarshe na roka. Wani ɗan kasuwa ya kawo masa tef tsaraba, ya karɓa ya yi godiya, ya kai wa Luba ta riƙa shanya.

Sai ga zamani ya zo da abin da bai taɓa mafarki ba. Bara waccan wani kamfanin hatsi ya kawo manyan motoci biyu masu aiki da lantarki, su riƙa jigila tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi. Babu tanki, babu hayaƙi, sai wasu akwatunan batir manya-manya a tsakanin tayoyi, da wayoyi ruwan goro masu kaurin rake. Madigad ɗin da suka zo da shi na roba ne mai sheƙi. Damina ɗaya ba ta ƙare ba hanyar Badarawa ta farfasa shi. Laka ta riƙa dankarewa a jikin batir har ya ɗauki zafi, tsakuwa na dukansa. Aka ce a nemo Madigad.

Wadda ke kula da motocin wata injiniya ce 'yar Zariya, sa'ar 'yarsa ta fari. Ina wurin ranar, don ni ba a yin abu babu ni, ko da ba a gayyace ni ba. Sahabi ya zagaya motar sau uku, ya tsuguna, ya miƙe, ya jawo injin waldarsa yana murmushi.

Ta ce, "Baba, ba a yi wa wannan walda."

Ya ce, "Mi kic ce, ɗiyata?"

"Ba walda, ba huda ƙarfen jikinta. Wuta ta kusanci batir ɗin nan, ni da kai da rumfar duk mun tashi. Kuma kar ya yi nauyi, kowane kilo caji yake ci."

"Ba walda, ba huji, ba nauyi. To da miyau za ni liƙa shi?"

Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Na ce a raina yau dai an zo inda ƙarfe bai da magana. Na matsa kusa na ce, "Taubashi, ko in rubuta mata wasiƙa ta haƙura?"

Ya ce, "Rubuta. Ka san yadda ta farko ta ƙare."

Kwana uku bai buɗe rumfa ba. Ya lulluɓe injin walda da buhu, wai kar ya ji abin da aka faɗa a gabansa. Luba ta ce ko tuwo ba ya gamawa, sai ya zauna yana ƙulla igiyarsa yana kwancewa. Rana ta huɗu, ranar kasuwar Shinkafi, muna zaune kan benci sai ga wani ya wuce da jakuna. Sahabi ya ƙura musu ido, ya buga cinyata har na zubar da shayi.

"Nasiru! Ka taɓa ganin an kafa ma jaki akumari da ƙusa?"

"A'a."

"Ɗaura shi aka yi! A ɗaure, a sa taushi a ƙasa, jaki shina tahiya kaya na bin shi."

Abin da ya yi ke nan. Ya lanƙwasa ƙarafa suka rungumi ƙashin motar kamar majanyi, ya ɗaure su da noti, ya sa yankan tsohuwar taya a tsakani don kar ƙarfe ya ci ƙarfe. Murfin tayar ya yi shi da alminiyam mara nauyi, ya ƙara wani fiffike da ke kare akwatin batir. Duk waldar a can nesa ya yi ta, bayan rumfa. Ya sa aka yi wa motar lodi taf kafin ya auna tazarar taya, dunƙulen hannu da yatsu biyu, ya ƙara sabon ƙulli a igiyarsa. Injiniya ta zo da na'urorinta ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "Baba, a wace makaranta ka koyi wannan?"

Ya ce, "Wurin jaki."

Har hoto ta ɗauke shi. Ni da na ba shi aron bencin da ya zauna ya yi tunanin, ko a gefen hoton ban fito ba.

Ranar gwaji na sa farar riga na tsaya a bakin kududdufi. Amma na zo da shiri. Na yi sati ina tsara magana, don na ce motar zamani dole ta ɗauki maganar zamani. Na fito da takarda na juya baya ga titi ina karanta wa Sahabi: "Ya kai matuƙi mai keta dazuzzuka da duwatsu, sassauta tafiyarka, ka tausasa zuciyarka, domin masoyin wani na bakin hanya, yana jiran wanda ransa ke bege kamar yadda ƙasa ke jiran ruwan farko."

Ya ce, "Wanga ai sai an ƙara ma motar taya."

Ban kai ga ba shi amsa ba sai na ga inuwa ta rufe ni. Motar ce! Ta iso bayana ba ƙara ba gurnani, kamar aljani. Na kurma ihu na daka tsalle, ban sauka ko'ina ba sai tsakiyar kududdufin. Motar ta wuce, ko ɗigo ba ta watsa ba. Ni na watsa wa kaina.

Jama'a suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sahabi kaɗai bai yi ba. Ya tsaya yana kallon bayan motar, ya ce, "Wagga mota ba ta sallama. In Nasiru mai kunne biyu bai ji ta ba, ina tsohuwa mai itace a kai?" Ya hana a tafi da ita. Washegari ya rataya gajerun sarƙoƙi da 'yan ƙararrawa irin na wuyan raƙumi a gindin kowace roba. Injiniya ta ce babu wannan a takardar aiki. Ya ce, "Babu tsohuwa a takardar ma." Shi ya sa har yau in kun ji cas-cas-cas daga nesa, kun san motar lantarki ce tafe.

Wannan ne babban aikinsa na ƙarshe. Bayan kaka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sati uku Allah ya karɓi abinsa. Na ga jama'a a jana'izarsa, direbobi tun daga Jibiya har Illela, har na kama kaina ina lissafin ko ni zan sami rabin rabinsu. Kishi dai, har bakin kabari. Allah ya shirye ni.

Bayan sadakar bakwai ina kan babur zan tafi makaranta, sai na ji cas-cas a bayana. Na kauce, motar ta wuce. Idona ya sauka kan robar baya, sai na ga rubutu da fenti ruwan ɗorawa, a karkace, wani harafi ya fi wani girma: MASOYIN WANI NA BAKIN HANYA.

Na taka birki har na kusa faɗuwa. Kalma talatin da wani abu na rubuta, mutumin nan ya yanke ya bar mini biyar! Rowa har a maganar wani!

Na juya sai gidansa. Luba na takaba, muka gaisa ta bayan labule. Na ce, "Luba, wa ya yi rubutun nan?"

Ta ce, "Shi da kansa. Takardarka da ta faɗa ruwa, shi ya tsince ta ya shanya bisa injin walda. Kwana biyar shina koyon haruffan a ƙasa da tsinke, ya hana a gaya maka."

Na ce, "Sahabi?"

Ta ce, "Malam, kai ba ka sani ba? Tun ranar wasiƙar nan yake kishinka. Kullum sai ya ce, da shina da bakin Nasiru, da bai sha wahalar bin mota da keke har Kurya ba."

Na fito ban iya yi mata sallama ba. A bakin tasha na tarar da direbobi sun kewaye motar suna karantawa, wani na cewa, "Allahu akbar, ashe Madigad har hikima gare shi!" Na buɗe baki in ce tawa ce. Sai na rufe. Na bar masa.

Farar rigar tana nan a akwati, tabon bai fita ba, kuma na hana a sake wanke ta. Ya Allah, bawanka Sahabi ya ƙare rayuwarsa yana kare na bakin hanya daga abin da ba su ji ba su gani ba. Ka kare shi daga azabar kabari, ka haskaka makwancinsa, ka tashe shi da tufa fara fes wadda ko ɗigo bai taɓa ba. Ka ba Luba da yara haƙuri. Idan tamu ta zo, ka tsayar da ni kusa da taubashina, ko da a gefen hoton ne. Amin.