Masassaƙin da Bai Yi wa Cokali Ado Ba

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Gizago yana buɗe rumfarsa da hantsi. Ya share ɓarɓashin itacen jiya, ya wasa gizago da wuƙa, sannan ya zauna a kan kututturensa. Abin da yake sassaƙawa bai wuce huɗu ba: muciya, ludayi, cokali da akushi. Babu zane, babu fenti, sai santsi da dacewa da hannu. Wata mata ta taɓa ce masa, "Baba, ko ɗan layi ba za ka ja a jiki ba?" Ya ce, "'Yata, miya za ki ɗiba ko hoto za ki ɗauka?"

Wani mai babban kanti ya so ya riƙa saye duk abin da ya sassaƙa, da sharaɗin ya shafa musu fentin ƙyalli. Baba ya ce abin da zai shiga tukunya ba ya shafa masa abin da shi ba zai iya lasa ba. Cinikin bai yiwu ba.

Telan da ke kusa da rumfarsa shi ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyar telan ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun da ya rage mata kuma rawa yake. Matar da ta ciyar da gida guda, sai ga ta ana ba ta a baki. Ta kulle bakinta.

"Baba, Inna ta ƙi abinci," in ji telan. "Yau kwana uku. Wai ita ba jaririya ba ce."

Baba ya je ya gaishe ta, ya miƙa mata curin laka. "Yaya, damƙe min wannan, iya ƙarfinki." Da shatin yatsunta a jikin lakar ya koma rumfa. Cokali uku ya sassaƙa, duk suka suɓuce mata. Na huɗun mariƙinsa kauri gare shi, bakinsa ya ɗan karkata. Ɗiban farko ya zube mata a zani. Na biyu ya kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta dubi surukarta ta ce, "Wa ya hana miyar nan gishiri?"

A watan jiya Baba ya rufe rumfa, don ido ya yi rauni.

Baba, kai ne ka duba hannun mai ci kafin ka duba itace. Sunanka ba ya jikin ko ɗaya daga kayanka, amma da wuya a samu ɗakin girki a layinmu da babu aikinka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Masu sana'a su yi koyi. Sauranmu kuwa, gidansa ba nisa, kunnensa kuma garau yake. A je a faɗa masa godiyar nan.