Ba Zazzaɓi Ya Kashe Yaya Sani Ba

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sani a Dakoro, kuma shekara tara muna cewa zazzaɓi ne. Na gaji da wannan ƙarya.

Sani makaniken famfo ne. Daga Ɗan Gulbi har Tagriss, in famfo ya tsaya shi ake kira. Yana shan giya, kowa a gida ya sani, kowa ya ja bakinsa. Ana jibi azumi muka yi shawara, ni da kawunmu, muka kulle shi a ɗakin ajiyar hatsi don ya daina a rana ɗaya. Har muna jin mun yi aikin lada. A kwana na uku jikinsa ya ɗauki rawa, yana ganin abin da ba ma gani, sai farfaɗiya. Kawu ya ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har la'asar kafin mu kai shi asibiti.

Ƴarsa Hadiza tana karatun likita yanzu a Yamai. A hutun bana ta yi mini bayanin da ya hana ni sakat. Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu yi wa jijiyoyi hidima: su ciyar da su, su kwashe saƙon da ya yi yawa, su sa a lafa. Giya ta shekaru tana dagula aikinsu da saƙonnin da suke aikawa. In aka yanke ta farat ɗaya, jijiyoyi su yi ta harbawa babu mai tsawata musu. Kuma akwai magani, in ma'aikacin asibiti ya san abin da ke gabansa.

Da Sani yana raye, da ya yi mana dariyar nan tasa mai ciwo. Shi da ba ya taɓa famfo sai ya tambayi yadda ya fara lalacewa.

Famfunansa suna nan, mata na ɗiba, ba mai tambayar ko mai gyaran yana salla. Mu kuwa mun tsira da sunan gida, ga shi nan muna ta riƙo.

Hadiza ta tambaye ni: "Baba, da kunka kai shi, kun hwaɗa ma majo shina sha?"

Na ce mata na manta. Ban manta ba, Hadiza. Majo, babban ma'aikacin jinya, sau biyu ya tambaye ni ko Sani yana sha. Na kalli mutanen da ke bakin ƙofa, na ce gidanmu ba a shan giya.